Takardun da Inna Ta Ajiye a Kwalla

Ku 'ya'yana, kun girma kuna jin cewa duwan, wato 'yan kwastan, su ne suka kama motata shaƙe da fetur na fasa-ƙwauri a hanyar Gene, shi ya sa na kwana mai mota na tashi direban wani. Ban taɓa ƙaryata maganar ba. Har ma idan aka tayar da ita a tasha, sai in yi murmushi in kaɗa kai kamar mutumin da ya ga duniya. To, ƙarya ce. Duwan ba su taɓa kama ni da ko lita ɗaya ba. Da hannuna na sayar da motar a Paraku, na dawo Malanbil a bayan motar wani, ina zaune a kan buhunan doya. Dalilin sayar da ita shi zan rubuta muku, tun idona yana iya bin layin littafin nan, ko da yake yanzu sai na fito tsakar gida da hantsi, kuma na yi rubutun manya-manya kamar ɗan aji ɗaya.

Gidan nan da kuke ciki kakanku ne ya gina shi. Fatoma ne shi, mai saukar da baƙin kasuwa. 'Yan albasa daga Gaya da masu hatsi daga Kamba duk wurinsa suke sauka, ya ba su ɗaki da ruwan wanka da tuwo, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu mai saye, ya karɓi la'adarsa. Shi ya sa gidan ya fi ƙarfinmu girma, ɗakuna shida a ciki, mangaza uku na ajiyar kaya suna kallon titi. Baba bai yi boko ba, amma ya san ƙofar kowane ofis a garin nan. Takarda idan ta zo, sai ya sa ta a aljihun riga, ya fita, ya dawo, magana ta ƙare. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me ke ciki, Inna ma ba ta taɓa ba. Ita duniyarta madafa ce da tukunyar baƙi da tumakinta da ke ɗaure a rumfa bayan ɗaki. 'Yar ƙaramar mace ce mai babbar murya, tana yi wa tumakin hira da Dandanci, mu kuma ta yi mana faɗa da Hausa. Mu biyu ta raya, Yaya Sani da ni. Yaya Sani tun yana saurayi ya koma noman shinkafa a Madekali. Ni aka sa makarantar Faransanci, wadda nan muke kira lakwal, na yi shekara tara na gudu na bi motoci. Amma sunan ya riga ya kama ni, Inna ba ta kirana da komai sai Ɗan Lakwal.

Baba ya rasu ina da shekara ashirin da biyu, ina yaron mota. Inna ta shiga takaba, ta kuma shiga wani irin shiru da ya tsorata mu. Matar da ake jin muryarta daga bakin titi ta koma sai an kasa kunne. Tuwo a kawo a ɗauke yadda aka kawo shi. Ƙasusuwan wuyanta suka fito. Tumakin ma sai maƙwabciyarmu ke ba su dusa. Ana cikin haka, wata biyu da rasuwar, wani masinja ya jingina keke a ƙofar gida ya miƙo takarda, ya ce ta mai gida ce. Aka kai wa Inna a kan tabarma. Ta juya ta gaba da baya, sannan ta ɗaga ido ta neme ni.

"Ɗan Lakwal, zaka ka duba min. Sunan wa anka rubuta?"

"Na Baba na, Inna."

"Ba su san ya rasu ba?"

Na buɗe takardar. Lanho ne, wato harajin gida da ake biyan gwamnati duk shekara, jika talatin, kowace jika dala ɗari biyu. Sunan Baba yana sama da manyan baƙaƙe. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga hannunta a kan tabarma kamar busasshen kara. Na ce a raina, matar nan ko ruwa ba ta iya haɗiyewa, ni ne zan ɗora mata bashin gwamnati a ka? Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Maganar ce kawai ta fito.

"Sun sani, Inna. Gomnati ta ta rubuto, tana shaida gidan ga nashi na, ba mai taɓa shi."

"Haka sunka ce?"

"Haka sunka ce."

Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta daɗe tana shafa wurin sunan da babban yatsa. Ta yi kuka, amma irin kukan da ke sauke nauyi. A ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙarin miya. Da la'asar na ji ta bayan ɗaki tana yi wa tumakinta huɗu faɗa cewa sun rame kamar ba su da uwa. Zan faɗa muku gaskiya, na yi alfahari da kaina ranar. Na ɗauka na yi wa uwata maganin da boka da malam suka kasa. Jika talatin kuwa, na ce da na sami lasin tuƙi zan je in biya a ɓoye, ba mai ji ba mai gani.

Na sami lasin. Sai aure ya taso, na ce bayan aure. Bayan aure aka haifi Uwani, wadda na sa wa sunan Inna, na ce bayan suna. Daga nan na fara tara kuɗin mota, kuma duk wanda ya taɓa tara kuɗin mota ya san ba a taɓa su ko da wuta ta kama rigar mutum. Ba mantawa na yi ba, kada ku yi mini wannan uzuri. Ba yadda za a yi in manta, domin duk shekara takardar sai ta zo, kuma duk shekara Inna sai ta nuna mini. Ta ware mata kwalla guda cikin kwanonin aurenta, ta naɗe takardun a tsohon rawanin Baba, tana sa musu turaren wuta lokaci-lokaci. Masinjan kuwa ya sami gida. Ya zo ta ba shi goro da dala ashirin na shan ruwa, ta sa masa albarka har ya hau keke. Ina jin a duk faɗin Malanbil gidanmu ne kaɗai ake yi wa mai kawo takardar lanho addu'a. Ni dai in ta miƙo mini sabuwa, sai in duba adadin ta wutsiyar ido, in ga ya ƙaru, in ce, "Irin ta bara ta, Inna." Sai abin ya dame ni kwana biyu, rana ta uku in ɗauki hanyar Kwatano, iska ta ɗauke damuwar.

Sau ɗaya Allah ya buɗe mini ƙofa, na ƙi shiga. A shekara ta huɗu ne. Gwaggo Dije, maƙwabciyar nan da ta riƙe mana tumaki lokacin takaba, mai sayar da bandar kifi, ta shigo aron turmi ta tarar da Inna tana naɗe sabuwar takarda. Ƙawaye ne tun suna amare. Ina zaune a gefe da akushin tuwo a gabana.

"Hadiza, wagga ai takardar lanho ta. Irinta mai gidana ka biya duk shekara."

"Ke kin yi lakwal, Dije?"

"Ban yi ba, amma na san kalar takardar."

"To ɗana da ya yi shekara tara shina lakwal ya karanta min. Taku daban, tamu daban. Ga shi nan zaune, tambaye shi."

Gwaggo Dije ba ta tambaye ni ba. Ta dai juyo ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai cikin akushi kamar an ce mini akwai zinariya a ƙasan miyar. Ta ɗauki turminta ta fita. Ba su yi faɗa ba, ana gaisawa, ana zuwa suna da biki, amma daga ranar hirar yamma da suke yi a bakin rumfa ta mutu. Inna ta ce Dije hassada take yi don gwamnati ba ta san mijinta ba. Na ji wannan ma, ban gyara mata ba.

Shekara ta takwas na sayi motata. Tsohuwar bashe ce, wato a-kori-kura, fara mai tampol a baya, ta sha hanya kafin ta zo hannuna, amma wallahi ko sabuwa fil ba za ta shiga raina kamar ita ba. Na sa aka rubuta sunan Inna a goshinta. Albasa nake ɗauka zuwa kudu, in dawo da garin rogo da doya. Na san tarinta, na san ranar da take fushi, na san gangaren da ba ta so. Manyanku za su tuna yadda kuke rige-rigen wanke mata taya ranar Juma'a. Lokacin ina da abin biyan bashin ko da a hankali ne, amma adadin ya riga ya kai inda nake jin tsoron duba shi, kuma zuwa ofis yana nufin in yarda cewa akwai shi.

A shekara ta goma sha ɗaya damina ta yi nauyi, gulbi ya cika ya shigo unguwannin ƙasa. Ruwa bai ci gidanmu ba, amma ya kwanta a gindin bango har ɗakin Inna ya tsage daga sama zuwa ƙasa, ana hango haske ta cikin tsagar. Yaya Sani ya zo daga Madekali a kan babur, ya duba, ya ce a sayar da mangaza ɗaya a gyara mata ɗaki da bulo da kwano. Ya ma samo mai saye, wani ɗan kasuwa daga Kamba. Suka je yin takarda, aka buɗe littafi, aka ce musu gidan nan ba ya sayuwa. Yaya Sani ya same ni a tasha, gumi na zuba.

"Idi, sun ce gomnati ta aza hannu bisa gidan Baba. Mi ke nan? Kai ka jin yarensu, tahi ka jiyo."

Na san abin da zan jiyo tun kafin in tashi. A ofishin lanho na tarar da wata mata 'yar kudu mai tabarau. Ba ta ɗaga mini murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta jawo littafi, ta bi shekarun da bakin alƙalami ɗaya bayan ɗaya, ga lanho, ga tarar jinkiri a kan kowace shekara, ga ƙarin da aka yi lokacin da aka sake kimanta gidajen bakin kasuwa. Jika ɗari tara da 'yan kai. Ta yi mini bayani dalla-dalla cewa gwamnati ba ta ƙwace gidan ba tukuna, muna iya zama a ciki, amma ya zama jingina a hannunta. Ba sayarwa, ba rabon gado, ba komai, sai an biya. Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, za a manna sanarwa a bango a yi gwanjonsa. Sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Takardun ba sa isa gidanku ne? Idan ba sa isa, ka faɗa mini, akwai abin da za a duba."

"Suna isa, Madam. Duk suna nan, ko ɗaya ba ta ɓata ba."

"Ba mai karatu a gidan?"

"Akwai. Ni ne."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce wata uku ne iyakar abin da doka ta ba ta ikon jira, ta rubuta mini ranar a 'yar takarda. Na fito na shiga motata na zauna, ban tayar ba. Abin da ke gabana ba bango da kwano ba ne. Ɗakin da aka kawo Inna tana amarya ne, da rumfar tumakinta, da zauren da Baba ya rasu a ciki. Na hango mutane sun taru a ƙofar gida ana taya shi kamar buhun albasa, Inna ta fito da kwallarta tana nuna musu shaidar gwamnati, suna dariya. Wannan hoton ne ya sayar da motar, tun kafin in kai ta Paraku.

Mahaifiyarku kaɗai na faɗa wa. Tana tankaɗe gari, ba ta daina ba har na gama.

"Ka hwaɗa ma Inna."

"Ba ni iyawa, Rabi."

"Saida motar kake iyawa?"

"Shi ina iyawa."

Ta kaɗe hannu, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, amma fuskarta ba ta ce amin ba. Na kai lodin albasa na ƙarshe, na sauke, na wuce wurin dillalan mota. Suka zagaye ta suna bubbuga mata ciki suna faɗin aibobinta a gabana, aibobin da ni na fi su sani. Kafin in miƙa makulli na roƙi aron fenti na shafe sunan Inna da hannuna. Na dawo na biya gwamnati har dalar ƙarshe. Matar nan mai tabarau ta buga hatimi a takardar sakin gida, ta miƙo mini, ta ce in dinga zuwa da wuri. Abin da ya rage na sayi bulo da siminti da kwano, aka tayar wa Inna ɗaki sabo. Yaya Sani na ce masa kuskuren takarda ne, na gyara, kuma ba sai an sayar da mangaza ba. Kun ga na sake yin wata ƙaryar don in rufe ta farko, kuma na sake jin cewa ni gwani ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakin tasha. Mota ta ɓace, ɗaki ya tashi, dole a haɗa labari. Kafin sati biyu kowa ya san cewa na daɗe ina jigilar fetur a ƙarƙashin albasa, da kuɗinsa na yi ginin, kuma duwan sun kama motar a Gene. Har akwai wanda ya rantse ya gan ta a ajiye a harabarsu. Ban damu ba. Rabin garin nan da fetur yake cin abinci, ba wanda ya ɗauke shi abin kunya. Labarin ma ya yi mini daɗi, ya fi gaskiyar kyau. Mutum ɗaya ne a Malanbil bai ɗauke shi da sauƙi ba. Ranar da fenti ya bushe aka ce Inna ta koma ɗakinta, sai ta naɗe tabarma ta wuce shi, ta shimfiɗa a rumfar tumaki.

"Inna, ga ɗaki can, mi kike yi nan?"

"Ba ni kwana ƙarƙashin kwanon ga. Babanku ya mutu ba a taɓa ganin mai kaki ƙofar gidanai ba. Gomnati tana girmama shi duk shekara har bayan ransa, tana aiko mishi takarda, kai kuma ka bi ta baya kana sace mata? Da wane ido zan karɓi ta baɗi?"

Na ce za ta huce. Ba ta huce ba. Ƙasa da sauran danshi, sauro kamar a kwashe da kwarya, ga ta ta haura sittin. Rana ta biyar tari ya kama ta. Mahaifiyarku ta kai mata gidan sauro ta karɓa, na kai mata magani ta ce in ajiye can, ba ta san da kuɗin me na saya ba. Yaya Sani ya zo ya yi roƙo ya gaji. Rana ta tara da safe na fito na ji tarin ya sauka ƙirji, yana fita da wani sauti da na taɓa ji a wurin Baba. Na tsaya a tsakar gida na ga abin da na yi. Na ceci gida, ga mai gidan za ta mutu a rumfar dabbobi saboda maganar da na ƙirƙira don kada ranta ya ɓaci. Na jira ta gama ba tumaki dusa, na je na durƙusa a bakin tabarmar. Na faɗa mata komai, tun daga masinja da kekensa har fentin da na shafe sunanta da shi. Ban dube ta ba ina magana. Da na gama sai na ji tumaki kawai suna tauna.

"Ɗauko min kwallar."

Na ɗauko. Ta warware rawanin, ta zaro takardar ƙasa, wadda ta fi sauran ja da laushi saboda shafa.

"Karanta. Da yarensu tukuna, yadda yake. Sannan ka maida min."

Na karanta da Faransanci. Na mayar da Hausa layi-layi. Ta tsayar da ni a wurin adadin.

"Nawa ka ce?"

"Jika talatin, Inna."

Ta juya ta dubi tumakinta. Ta daɗe tana dubansu.

"Tunkiya guda ke nan. Ran nan huɗu gare ni. Da ka hwaɗi, kahin la'asar an kai guda kasuwa."

"Na ga ba ki cin abinci, Inna. Na ji tsoro."

"Mijina ya mutu, ba dole in ƙi cin abinci ba? Ka ga ina kuka, sai ka aza hankalina ya bi hawayen ya tahi. Ni da na binne ɗiya uku kahin in haihe ka, takarda ta za ta kashe ni?"

Na zaci za ta kore ni, ko ta yi kwana da kwanaki ba ta yi mini magana ba, kuma da ta yi da na cancanta. Sai ta tambaye ni ko wanda ya sayi motar ya san ba ta son gangaren Kandi. A nan ne hawaye suka zubo mata, ba don gida ba, ba don takardun ba, don motar. Ta ɗora hannu a kaina kamar ina yaro, ta ce, "Wayyo Idi, wayyo ɗana." A iya sanina ranar ce farko da ta kira ni da sunana. Ni da gemu da 'ya'ya uku na kifa kai a gwiwarta na yi kuka, tumaki suna kallonmu.

Ba ta bar ni na gama ba ma ta ce in ba ta mayafi. Na ɗauka ɗaki za ta shiga. Ina, ƙofar gida ta nufa, tana tari tana dafa bango, ta ce in biyo ta. Muka shiga gidan Gwaggo Dije muka same ta tana jera kifi a kan waya. Inna ta tsaya a tsakiyar hayaƙin.

"Dije, shekara bakwai na ƙaryata ki gaban ɗana. Ke ad da gaskiya, lanho na. Na zaka ki yahe min."

"Haba Hadiza, ai na sani. Tun ran da na ga kan yaron ga cikin akushi na san akwai magana. Zamna, hayaƙi na shiga miki ƙirji."

Suka zauna a kan turmi da kujera 'yar tsugunno, suka ɗauko hira daga inda suka ajiye ta, suka bar ni tsaye kamar sanda. A ranar Inna ta shiga sabon ɗakinta. Ta sa na hau babur na je Madekali na faɗa wa Yaya Sani gaskiya a bakin gonarsa, ya zage ni iya son ransa, sannan ya ɗaura mini buhun shinkafa a baya. Maganar duwan kuwa ta ce wannan tsakanina da mutanen gari ne. Na bar ta tana yawo, domin ya fi mini sauƙi a ce ni ɗan fasa-ƙwauri ne da a ce ni ne mutumin da ya yi wa uwarsa ƙarya shekara goma sha ɗaya. Wannan girman kai ne, ba wani abu ba, kuma ku kuka sha tsokana a kansa a makaranta. Ku yafe mini.

Inna ta ƙara shekara tara a ɗakin nan. Duk shekara takarda ta zo, sai ta aika a kira ni, in karanta da Faransanci, in mayar da Hausa, ba tsallake. Sannan ta zaɓi tunkiya da kanta ta sa a kai kasuwa, ba ta yarda ni ko Yaya Sani mu sa ko dala ba. Takardar biya ta shiga kwalla tare da sauran. Masinja bai rasa goronsa ba. Na taɓa tambayarta me ya sa har yanzu take sa musu turare, ta ce sunansa dai yana kai, ko ba ya kai? Ban sake mallakar mota ba. Na tuƙa ta mutane har gwiwa ta ƙi. Uwani ta jira shekara biyu a gida kafin in iya kai ta makarantar aikin jinya a Paraku, kuma ba ta taɓa tambayata dalili ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon zance. Watan jiya Uwani ta kai ni asibiti a Paraku saboda idon nan da kumburin ƙafa. Suka ɗebi jini, suka haska ciki, suka ba da takarda mai ƙananan rubutu da ba na iya gani ko da tabarau. A bakin ƙofa ta tsaya ta karanta. Ta daɗe a kan layi ɗaya. Sannan ta ninke ta gida huɗu, ta sa a jaka, ta gyara mini hula.

"Ba komi, Baba. Sun ce ka huta, ka rage gishiri."

Uwani, na san muryar nan, tawa ce. Ni na fara yin ta a gidan nan, a bakin tabarmar matar da kike ɗauke da sunanta. Ban yi fushi ba, 'yata, na san daga inda ta fito, kuma ba wanda ya taɓa so na kamar yadda kika so ni a bakin ƙofar nan. Amma ni na riga na biya kuɗin irin wannan soyayyar, na san tsadarta. Na zaro takardar daga jakarki shekaranjiya, tana cikin kwalla a kan sauran, a cikin rawanin kakanku. Gobe da hantsi, idan kin gama ba tumaki dusa, ki ɗauko ta ki zauna kusa da ni. Ki karanta da Faransanci yadda yake, sannan ki mayar mini da Hausa, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Wataƙila har yanzu tunkiya guda ce.